Tolban ɗin Malam Lazarus

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Malam Lazarus a unguwar Barunde, nan Gombe, kuma katangar nan ba ta taɓa hana kiɗansa shigo mini ɗaki ba. Ni Bappayo, na yi ritaya daga ma'aikatar filaye. Shi kuma tsohon malamin kiɗa ne, ya koyar a makarantun Kaltungo da Billiri kafin ya dawo cikin gari ya zauna. Mun tsufa tare muna tsokanar juna, kuma ban taɓa ganin ya yi fushi da ni ba sai ranar da na ɗora kofin shayi a kan lasifikarsa. Ranar kam na ba da haƙuri har bakina ya gaji.

Lasifikokin guda biyu ne, na katako, tsayinsu ya kai ƙugun mutum, nauyinsu kuwa sai ƙarti biyu ke ɗaga guda. Sunan kamfanin da ya ƙera su Tolban, an rubuta a wani ɗan siririn ƙarfe a gaba, sai ka sunkuya za ka iya karantawa. Wajen wani Bature ya same su, malamin kwaleji da zai koma ƙasarsu, tun Lazarus yana saurayi. Babur ɗinsa ya sayar ya karɓe su, ya koma zuwa makaranta a ƙasa. Matarsa Jane, wadda muke kira Maman Olivia da sunan autarsu, har gobe takan ce an yaudare ta, don ita saboda babur ɗin ta fara kula shi, ranar da aka kawo ta gidan kuwa sai ta tarar da akwatuna biyu na katako a madadinsa.

In kana son ka ɓata yininka, to ka tambayi Lazarus mene ne Tolban. Zai gyara zama ya faɗa maka cewa wani tsoho ne a wani ƙaramin gari mai sanyi ya kafa kamfanin, kuma babu lasifikar da ke fita daga masana'antar sai tsohon ya saurare ta da kunnensa, in ba ta yi masa ba ya sa guduma ya fasa ta. Inda Lazarus ya ga tsohon da gudumarsa, oho. Daga nan sai ya rufe da maganar da duk Barunde ta haddace, wai Tolban ba ya ƙarya. Limamin cocinsu ya sha wannan wa'azin, mai kai musu ruwa ya sha, mai karanta mitar wuta ma sai da ya daina shiga gidan, yana leƙowa ta taga.

Ni dai ina zuwa duk Asabar bayan la'asar. Zai zaunar da ni a wata kujera da ya auna mata wuri a tsakiyar falo, ya hana ni jingina, ya sa faifan zumuntar mata na ƙauyensu. Matan nan suna waƙa suna buga tulu, irin tulun nan na ƙasa da ake bugun bakinsa da tafin hannu. Sai ya ɗaga yatsa ya ce in saurara, zan ji fatar hannun matar tana taɓa bakin tulun kafin sautin ya fito, zan kuma ji wata a layin baya mai mura tana jan numfashi. Ina yi masa dariya, ina ce masa kunnensa ne ke ƙirƙira. Amma tsakanina da Allah ina jin tafin hannun, ina jin mai murar, har nakan so in ce mata sannu.

To, bara sai kujerar zuwa Isra'ila ta faɗo kan Lazarus, ya shirya ya tafi ziyarar ibada. Mu a nan kun san al'adarmu, in uba ya tafi Makka, 'ya'ya ba sa bari ya dawo ya tarar da ɗakinsa yadda ya bar shi. Sai an yi fenti, an sake labule, an fitar da tsofaffin kaya an sa sababbi, don alhaji ya san ya haihu. Olivia, autar Lazarus da ke aikin banki a Abuja, rabin ƙuruciyarta a gidana ta yi da 'yata Najeeba, kuma tana nan lokacin da yarana suka yi mini haka. Sai ta ce ai ubanta ma ba a baya yake ba. Ta ɗauki hutu ta taho Gombe da shirinta.

Ni a lokacin ina Dukku wajen girbi. Da ina gari da labarin nan bai kai haka ba. Na dawo ana gobe saukar su Lazarus, na shiga gidan don in ga gyara, na tsaya a bakin falo kamar baƙo. An cire kafet an sa tayil, bango ya sha fenti, kujeru sababbi fil. A inda tsofaffin akwatunan suke kuma ga wasu dogaye biyu, baƙaƙe, suna sheƙi har kana ganin fuskarka, kowace da 'yar fitila shuɗiya tana ƙyaftawa. A gabansu an rubuta Tolban da manyan baƙaƙe, daga ƙofar gida ma za ka karanta. Na tambayi Maman Olivia ina tsofaffin. Ta ce ai mai fenti ya kwashe su tare da tsofaffin kujeru, kamar yadda aka saba ba ma'aikaci abin da aka fitar. Tana faɗa tana murmushi, don ita a ganinta an yi wa tsoho gata, an ba shi jikokin abin da yake so. Na ce a raina ai suna ɗaya ne, wa ya sani.

Washegari aka taro shi daga filin jirgi da kiɗa da guɗa. Mutanen coci suna ce masa JP, laƙabin wanda ya je ziyara ƙasa mai tsarki, ni kuma na ce ban san wannan ba, ni Alhaji Lazarus na sani. Ya shigo falo yana dariya, ya ga fenti ya sa albarka, ya ga kujeru ya sa albarka, sannan idonsa ya kai kusurwa. Dariyar tana nan a bakinsa, amma ta tsaya cak. Olivia ta durƙusa a gabansa, fuskarta kamar ta yarinyar da ta ci jarrabawa.

"Baba, Tolban ne. Sababbi, na bana. Na ce tunda kai ba ka jin kowa sai su."

Ta danna wayarta, kiɗa ya tashi ba tare da an jona ko igiya ɗaya ba. Ƙarfi kam akwai, har kofuna suna rawa a kan tebur, matan coci suka yi tafi. Ni na san inda zan duba, sai na dubi yatsan Lazarus, wanda yake ɗagawa in sauti ya yi masa. Yatsan yana kwance a kan gwiwarsa. Ya dafa kan yarinyar ya yi mata addu'a mai tsawo, kowa ya ce amin. Bayan 'yan kwanaki ta koma Abuja da farin cikinta.

Daga nan ni na shiga uku. Mutumin da ya yi shekaru yana shelar cewa Tolban ba ya ƙarya, yaya zai buɗe baki ya ce ga Tolban a falonsa yana shara ta? Sai ya fara neman mai laifi. Da farko ya ce jirgi ne ya toshe masa kunne, ya je aka wanke masa kunnen. Sannan ya ce tayil ne ke mayar da sauti, ya kwaso tabarmi da tsofaffin barguna ya shimfiɗe falon da yarinya ta kashe wa dukiya, har ya koma kamar ɗakin mai jego. Ya ce wutar NEPA ce ba ta cika ba, ya aro sitabilaizata mai daidaita ƙarfin wuta. Ya ja lasifikokin gaba, ya mayar da su baya, ya karkata su, ni kuma ina zaune a kujerar gwaji an hana ni jingina. Duk a banza. Tulun matan ya koma bum-bum kamar ana dukan jarka, muryoyinsu sun cakuɗe wuri ɗaya, mai murar kuwa ta ɓace ɗungurungum. Na ce masa wataƙila ta warke ne. Bai yi dariya ba.

Wata rana yana ɗakin girki na sa hannu ɗaya na ɗaga guda daga cikinsu. Ni da likita ya hana ɗaukar bokiti, ga ni riƙe da Tolban a sama kamar kwalin indomi. Na ƙwanƙwasa gefenta, ta amsa mini da muryar fanko. Da ma a daren da ya gabata Najeeba ta koya mini yadda ake tambayar waya abu, sai na koma gida na sa tabarau na bincika. Ashe tsohon nan mai guduma ya rasu tun tuni. 'Ya'yansa suka sayar da kamfanin ga wani babban kamfani mai ƙera firji da dutsen guga. Su kuma suka riƙe shi na ɗan lokaci suka sayar wa wasu mutane da ba su ƙera komai, sana'arsu kawai su sayi kamfani, su rage ma'aikata, su rage kayan aiki, su sake sayarwa da riba. An rufe masana'antar garin mai sanyi, an sallami masu gwada sauti. Yanzu duk masana'antar da ta yi musu araha ita ke haɗa akwatin, a liƙa sunan a gaba a ɗora kuɗin da ake ɗora wa na tsohon.

Na tafi da labarina ina taƙama, don ba kullum nake sanin abin da Lazarus bai sani ba a harkar sauti. Na ce masa abin nan kamar mai tsiren bakin tasha ne da ya rasu, wani ya sayi teburin da fitilar da sunan, amma yajin ya bi mai shi kabari. Na zata zai yi musu, ko ya ce wayata ce ke ƙarya. Sai kawai ya ce to, ya ji, ya tambaye ni ko waken Dukku ya yi kyau bana. Abin ya ba ni haushi, wallahi. Na yi bincike har idona ya yi ja, a saka mini da maganar wake.

Amma washegari da sassafe sai ga shi a ƙofar gidana da hularsa, wai in raka shi wajen mai fenti. Mai fentin, wani Jerome, ya ce ai tun a makon ya kai su Tsohuwar Kasuwa wajen masu sayen tsofaffin kaya. Muka je can. Wanda ya saya ya ce ya sayar wa wani, bai san sunansa ba, bai san unguwarsu ba, ya dai tuna mutumin yana da surutu. A Gombe a ce maka ka nemi mai surutu, ai an gama da kai. Muka dawo gida. Lazarus ya daina kunna kiɗa gaba ɗaya, katangar da ke tsakaninmu ta yi shiru, har matata ta tambaya ko lafiya maƙwabta. Asabar ta zo na shiga, muka zauna muna kallon fitila shuɗiya tana ƙyafta mana ido. Na tausaya masa ƙwarai, don mutumin ya rame a ɗan lokacin nan.

Ana haka wani tsohon abokin aikina ya kwanta rashin lafiya a Nasarawo, Lazarus ya ce zai raka ni dubiya. Muna cikin keke mai ƙafa uku, ga hayaniyar 'yan acaɓa, ga 'yan makaranta sun taso, sai na ji ya damƙi kafaɗar mai keken ya ce ya tsaya. Na zata ya ga wani ya faɗi ne. Ya fito ya tsaya a gefen titi, kansa a karkace, yatsan nan ya tashi sama. Ni abin da nake ji kawai muryar mai tallan magani ce daga nesa, yana lissafa basir mai tsiro da basir mai jini, shawara, dattin ciki, da ciwon bayan da ke hana magidanci sakewa.

"Bappayo, ka ji numfashinsa kafin ya ce basir? Tolban ɗina ne."

Ya bi muryar, ni kuma na bi shi ina ba mai keke haƙuri. A bakin wata 'yar kasuwa muka tarar da tsohuwar mota mai dogon baya, an jera kwalabe da ƙullin garin magani a kan bonet. A kan rufinta kuma ga akwatunan Bature, an ɗaure su da igiyar rijiya, rana tana dukansu. Dattijon coci, wanda bai daɗe da dawowa daga ƙasa mai tsarki ba, ya tsaya cikin taron masu basir da idonsa a rufe yana sauraro kamar yana cikin sujada. Wata mata da ta san shi ta gaishe shi ta yi masa fatan samun sauƙi.

Mai maganin sunansa Sa'idu, mazaunin Kagarawal, mutum mai faran-faran da baki kamar an jiƙa shi da zuma. Da muka ja shi gefe Lazarus ya ce zai saya, sai ya girgiza kai. Ya ce tun da ya ɗora akwatunan nan kasuwarsa ta buɗe, mutane suna cewa muryarsa ta koma ta gidan rediyo, har waɗanda ba su da basir suna saye saboda gaba. Aibinsu ɗaya, nauyi. Sun lotsa masa rufin mota, kuma motar tana shan mai kamar ta ɗauko buhunan masara. Sai Lazarus ya ciro waya ya nuna masa hoton sababbin. Ya ce ga marasa nauyi, ga ƙarfi, ba sa buƙatar igiya, ga kuma fitila. Sa'idu ya ƙura wa fitilar ido, ya tambaya ko tana ci har da rana. Kafin mu bar wurin an yi magana, za a yi musanya, mu kai masa sababbi gida mu ɗauko tsofaffi.

A hanyar dawowa na tambaye shi abin da zai faɗa wa Olivia, tunda Kirsimeti ya kusa kuma za ta zo. Ashe ya riga ya tsara. Zai ce NEPA ce ta kawo wuta mai ƙarfi ta ƙone su, shi kuma da ƙyar ya samo tsofaffin don ya riƙa maneji. Ni ne shaida, zan ce firjina ma ya taɓu. Na ce lalle ziyara ta karɓu, alhaji biyu a layi ɗaya sun haɗa kai za su yi wa yarinya ƙarya. Ya ce in ba zan yi ba in faɗa masa. Na ce zan yi, ai NEPA ta saba ɗaukar laifin da ba nata ba, wannan ba zai ƙara mata nauyi ba.

Muka zaɓi safiyar da Maman Olivia ke zuwa taron zumuntar mata. Tana fita muka kira keke, muka naɗe lasifikokin da bargo. Na fito da guda ke nan, Lazarus yana biye da ni da ɗayar, sai ga ta ta turo ƙofar gida, wai an ɗage taron. Muka tsaya a tsakar gida, tsofaffi biyu kowa rungume da bargo. Na fara haɗa wata magana a kan gyara, ta ɗaga mini hannu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta ajiye jakarta a kan turmi ta dubi mijinta.

"Baban Olivia, kayanka ne, ka kai inda kake so. Abu ɗaya zan faɗa maka. Yarinyar nan har Legas ta je da kanta. Mai shagon ya ce mata kada ta sayi waɗannan, sunan ne kawai ya rage, ya nuna mata wasu da suka fi su kyau kuma ba su kai su tsada ba. Ya kunna mata duka biyun. Ta ce mini ita ma a kunnenta waɗancan sun fi daɗi. Amma ta ce masa babanta ya ce Tolban ba ya ƙarya, kuma kunnen babanta ya fi nata ya fi nasa."

Tana gama faɗa ta koma ta riƙe mana ƙofa a buɗe don mu wuce da kayan. Na so ƙasa ta tsage in shige. Lazarus ya sa tasa a keke, na sa tawa, muka kama hanyar Kagarawal. Mutumin da ba ya iya wuce rami a titi bai yi sharhi a kai ba, har muka isa bai buɗe baki ba.

Sa'idu ya shirya mana. Ya sauko da akwatunan ya jera su a zaure, kuma don ya burge mu ya shafe su da man gyaɗa suna ta ƙyalli, ƙudaje suna bi. Na ga Lazarus ya runtse ido, amma ya daure. Ya durƙusa ya shafa gefen guda inda igiya ta ci katakon, ya duba bayanta, ya hura ƙurar da ta taru. Sannan ya roƙi Sa'idu ya jona su da na'urar motarsa, ya miƙa masa wayar da ya sa aka zuba masa waƙar matan ƙauyensu.

Ko da na'urar mai magani ce, da batirin mota, a zauren da awaki ke kwana, tulun nan ya dawo. Na ji tafin hannun matar ya taɓa bakinsa. Mai mura ta ja numfashinta a layin baya, tana nan ba ta warke ba. A cikin gidan wata da ke daka ta dakata da taɓarya. Sa'idu da kansa ya yi shiru, abin da ban zata yana iyawa ba. Lazarus yana zaune a kan wani benci, hannayensa a kan gwiwa, har waƙar ta ƙare. Ni kuma na tashi na fara kwance bargon sababbin don a gama a tafi.

Lazarus ya ce in dakata. Ya yi maganar a hankali, bai dube ni ba.

"Abin da ka binciko a waya, Bappayo, na san shi tun Olivia tana sakandare. A wata mujalla na gani. Na san an sayar, na san an rufe masana'antar. Ban faɗa wa kowa ba."

Na tambaye shi dalili. Ya ce shi ma bai sani ba sosai, ji ya yi kamar ya tona asirin aboki. Kuma ya riga ya saba da faɗin maganar, tana yi masa daɗi a baki, bai ga wanda za ta cuta ba tunda babu mai sayen Tolban a Barunde. Ya ce yayyen Olivia duk gudu suke yi in ya fara, matarsa takan tuna tana da aiki a ɗakin girki, ni kuma dariya nake yi masa. Ashe akwai mutum ɗaya a duniya da ke ɗaukar maganarsa da gaske, har ta ƙaryata kunnenta saboda shi. Ya ce in ya ce mata wuta ce ta ƙone su, ya san abin da za ta yi, za ta sake tara kuɗi ta koma Legas.

Ya miƙe ya ce a mayar da bargon, da su za mu koma.

Sa'idu bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce ya riga ya faɗa wa abokan sana'arsa zai fito da mai fitila, yanzu da wane ido zai dube su. Ya tambaya ko za a iya cire masa fitilar kawai. Lazarus ya ba shi haƙuri, sannan ya tsaya ya yi masa karatu. Kada ya ƙara shafa musu man gyaɗa. Ya samu tabarma ya yi musu rumfa a kan motar saboda rana. In hadari ya haɗu ya sauko da su, ko da yana tsakiyar ciniki. Kada ya murɗa sauti ya wuce rabi, ba sa son ihu. Ya sa tsumma a ƙarƙashin igiyar. Sa'idu yana ta cewa to Baba, to Baba, amma ni da shi Lazarus mun san ba za su ga ƙarshen damina mai zuwa ba. Da za mu fita Lazarus ya sake dafa kan guda, ya ɗan jima a haka, sannan ya goge man gyaɗan a jikin wandonsa ya shiga keke.

Mun tarar da Maman Olivia tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ta dubi barguna, ta dubi mijinta, ta ci gaba da tsintarta, sai dai ta ce akwai kunu a fulas in muna so. Muka mayar da lasifikokin kusurwarsu. Lazarus ya naɗe tabarmin da bargunan da ya shimfiɗa a falo ya fitar da su, tayil ɗin yarinya ya fito fes. Ya zauna ya yi ta fama da waya har fitila shuɗiya ta kama, matan ƙauyensu suka taso da waƙa, jarka tana bum-bum a bayansu.

Na saurara na ɗan lokaci, sannan na tambaye shi yaya ya ji yanzu, ko kunnen ya fara sabawa.

"Babu daɗi, Bappayo. Ko kaɗan babu."

Na kai hannu zan kashe, ya riƙe mini hannu.

"Bar shi ya yi ta yi."